Yadda ake sayen furosesar kwamfuta a Damagaram: a shago ko ta intanet

Wanda ya ƙudura canza wa kwamfutarsa furosesa, wato ɗan abin nan da ke yi mata dukan lissafi, a Damagaram, hanya uku ce a gabansa. Ko ya shiga shagunan masu gyara da sayar da kayan kwamfuta na cikin gari, ko ya aika Yamai ko Kano a sayo masa, ko kuwa ya yi oda ta intanet daga Sin ko Turai ya zauna jira. Yawancin waɗanda na ga sun yi asara tun kafin a kai ga ciniki suka yi ta, domin sun fita neman "i7" alhali ba su san allon da za a ɗora ta a kansa ba. Sauran kuma sun biya kuɗi a kan abin da ba a kunna a gabansu ba. Shagon gari ya fi intanet tsada, wannan ba a musu, amma a cikin tsadar akwai damar a ɗora furosesar a kan kwamfutarka, a kunna, ka gani da idonka kafin kuɗi su bar aljihunka. A garin da mayar da kaya zuwa Sin ya fi ƙarfin kuɗin kayan, wannan damar tana da daraja ƙwarai.

Mataki na farko: tabbatar cewa furosesar ce matsalar

Furosesa tana cikin kayan da ba su cika mutuwa ba. Idan kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, a fara duba akwatin wutarta, da RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi ta aikin da ake kai, da uwar allo, wato babban allon da komai ke manne a jikinsa. Idan kuma nauyi take yi, kunna ta, buɗe aikin da ka saba yi, sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. A kwamfutocinmu masu Faransanci abin da zai buɗe sunansa Gestionnaire des tâches. Shiga Performances ka zuba ido na ɗan lokaci. In ka ga diski ne ke maƙale a 100% furosesa kuwa tana hutawa a ƙasa, to SSD kake buƙata, wato diski na zamani mai sauri. In RAM ce ta cika, kamar mai giga 4 da ya buɗe shafuka da yawa a Chrome, ƙara ta zuwa 8. Masu shagon buga takardu da ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke rubuta kundin kammala karatu, galibinsu a nan matsalarsu take ƙarewa, da kuɗi kaɗan. Wanda furosesarsa ke cika da gaske shi ne mai haɗa bidiyon biki da suna, mai zanen gini, mai sitidiyon sauti, da mai wasannin kwamfuta.

Idan kwamfutar cinya gare ka, kusan zancen ya ƙare a nan. Tun daga zubi na 5 na Intel, wato tsara ta 5 ta furosesocin kamfanin, furosesar kwamfutar cinya liƙe take da dalma a jikin allo, ba a cire ta da hannu. Duk wadda sunanta ya ƙare da harafin U, kamar i5-6300U, liƙaƙƙiya ce. Waɗanda ake iya cirewa su ne tsofaffi masu M ko QM ko MQ a ƙarshen suna, daga zubi na 4 zuwa baya. Abin da ya biyo baya na masu kwamfutar tebur ne.

Mataki na biyu: uwar allo ce ke zaɓa maka

A nan nake so a daɗe, domin a nan kuɗi ke salwanta. Kowace uwar allo tana da gurbi guda, soket, kuma dangin furosesa ƙalilan ne ke shiga cikinsa. Sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. A shafin CPU za ka ga sunan furosesar da ke ciki da sunan soket. A shafin Mainboard za ka ga sunan allon da lambar BIOS ɗinsa, wato ƴar manhajar da ke cikin allon mai tayar da kwamfutar. Ɗauki hoton shafukan biyu da wayarka. In kwamfutar ba ta tashi, buɗe murfin gefe ka karanta sunan da aka buga a jikin allon, ko lambar samfurin da ke jikin akwatin.

Wajen Intel, lambar farko bayan i3 ko i5 ko i7 ita ce zubin, ko biyun farko in lambobin biyar ne. i5-3470 zubi na 3 ce, i7-4790 na 4, i5-8500 na 8, i3-12100 kuma na 12. Zubi na 2 da na 3 suna zama a LGA 1155. Na 4 a LGA 1150. Na 6 da na 7 a LGA 1151, kuma na 8 da na 9 ma sunan soket ɗinsu LGA 1151, amma ba sa aiki a allon na 6 da na 7 ko da sun zauna daram a cikin gurbin. Wannan tarkon ya kama mutane da yawa, har da masu gyara. Na 10 da na 11 suna LGA 1200, na 12 zuwa na 14 suna LGA 1700, sababbin Core Ultra na tebur da suka fito a 2024 kuma LGA 1851. Wajen AMD abin ya fi sauƙi: Ryzen tun daga na 2017 har dangin 5000 suna AM4, daga dangin 7000 na 2022 kuma AM5, wanda ba ya karɓar RAM sai DDR5.

Dacewar soket kaɗai ba ta isa ba. Akwatunan Dell da HP da Lenovo na hannu da suka cika ofisoshi da shagunanmu suna da nasu iyakoki. Dell OptiPlex 790 da 990 soket ɗinsu LGA 1155 ne, amma zubi na 2 kawai suke ɗauka. Sai 7010 ce ke ɗaukar i7-3770. Haka HP 8200 Elite ta tsaya a zubi na 2, 8300 ce ta kai na 3. OptiPlex 7020 da 9020 da HP EliteDesk 800 G1 na zubi na 4 ne, ƙarshen abin da za ka ɗora musu na hankali shi ne i7-4790. Ƴan ƙananan akwatunan nan da ba su fi littafi girma ba, yawancinsu suna son furosesa mai harafin T a ƙarshe, mai cin wat 35, saboda fankarsu da cajarsu ba za su iya da mai wat 65 ko 84 ba. Rubuta sunan allonka ko na akwatinka a Google tare da kalmomin CPU support, ka buɗe shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka karanta jerin da kanka. Wani lokaci za ka ga an rubuta cewa sai an sabunta BIOS, kamar allon B450 da za a ɗora wa Ryzen 5 5600. Wannan sabuntawa da tsohuwar furosesar ake yin ta, kafin a cire ta, kuma kada a fara sai kwamfutar tana kan na'urar da ke riƙe wuta. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, allon na iya mutuwa.

Sai haruffan ƙarshe. Furosesar Intel mai F, kamar i5-12400F, ba ta fitar da hoto da kanta. In ba ka da katin hoto daban, za ka kunna ka ga allon kallo baƙi ƙirin ka zaci an cuce ka. Ryzen na AM4 akasin haka ne: mai G, kamar 5600G, ita ce ke fitar da hoto, 5600 zalla ba ta yi. Mai K a Intel an yi ta ne don masu ƙara mata gudu, tana da zafi da tsada, kuma a akwatin Dell ko HP ba za ka ci amfanin wannan K ɗin ba.

Kada sunan i7 ya ruɗe ka. i7-3770 ta fito a 2012, i3-12100 kuma a 2022. Dukansu ƙwaƙwalwa 4 gare su masu layin aiki 8, amma i3 ɗin ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Akwai kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman zubi na 8 na Intel zuwa sama, ko Ryzen dangin 2000 zuwa sama. Don haka kafin ka zuba kuɗi masu yawa a kan allon zubi na 3 ko na 4, tambayi farashin cikakken akwati na hannu mai i5-8500, irin OptiPlex 7060 ko EliteDesk 800 G4. Sau da yawa sayar da tsohon a yi ciko ya fi a yi ta yi masa faci.

A ƙarshen wannan mataki ya kamata a ce kana da takarda mai sunaye biyu ko uku cikakku, da lamba da harafi, na furosesar da ka tabbata allonka zai karɓa. Da ita za ka shiga kasuwa.

Mataki na uku: lissafin farashin gaskiya

Farashin da ka gani a AliExpress ko eBay ko Amazon somin-taɓi ne. Sefa tana ɗaure da yuro, yuro 1 wajen sefa 656 ne, saboda haka abin da aka rubuta yuro 30 yana kusa da jika 20. In da dalar Amurka aka rubuta, duba canjin ranar. A kan wannan ka ɗora kuɗin aikowa, da abin da banki ke cira idan an biya da katin Visa a ƙasar waje, da abin da duwan za ta iya nema, da ladan wanda zai karɓa maka a Yamai, da kuɗin saƙo a mota, da ladan wanda zai ɗora maka in ba da hannunka za ka yi ba, da man sanyayawa da ake sawa tsakanin furosesa da fanka. Sai ka ƙara abin da ba a rubutawa: makonnin da kwamfutar za ta yi a ajiye. Ga mai shagon da kwamfutar ce ke ciyar da gidansa, kowace rana ta jira kuɗi ce.

Yanzu kira shaguna biyu ko uku a gari ka karanta musu sunan da ke takardarka. In bambancin bai wuce jika ƴan kaɗan ba, ni dai ba na ganin dalilin yin oda.

Mataki na huɗu, in a shagon gari ne

Shagunan Damagaram sun fi ƙarfi a kan tsofaffin zubi, daga na 2 zuwa wajen na 8, domin daga matattun akwatuna na ofisoshi da na gwanjo ake ciro su. Wannan ba aibi ba ne. Furosesar da ta yi shekara goma tana aiki tana iya yin wasu goman. Sababbi a cikin kwali kuwa ba kasafai ake ajiye su ba. Mai shago zai ce ka ba da kafin alƙalami ya sa a kawo daga Yamai ko Kano.

Ɗauki akwatinka ka ɗora a kabu-kabu ka tafi da shi. Bayan gaisuwa, faɗi sharaɗinka tun kafin a yi maganar kuɗi: "Maigida, i7-4790 nake so. A ɗora a kan tawa, mu kunna, in ta yi mu yi ciniki." Mai gaskiya ba ya ƙin wannan, hasali ma ya fi son haka, don yana kare shi daga rigimar gobe.

Kafin a ɗora, karɓe ta ka riƙe ta gefe da gefe da yatsu biyu, ka fita bakin ƙofa inda haske yake. Rubutun da ke kan murfin ƙarfen ya kamata ya zama siriri, a miƙe, a ƙone cikin ƙarfen yadda farce ba zai kankare shi ba. In murfin ya yi wani sheƙi dabam kamar an goge shi da yashi, ko ka ga gam ya ɓullo a gefen da murfin ya haɗu da koren allon, ajiye ta. Akwai masu cire murfin babbar furosesa su liƙa a kan ƙarama. Juya ta. A Intel za ka ga ɗigo-ɗigon zinare a jere, da wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa a tsakiya. Duba kada a samu ɗigon da ya yi baƙi na ƙuna, ko gurbin da ɗaya daga cikin ƴan mitsi-mitsin ya ɓalle. Ɗan tabon da allurar soket ta bari a tsakiyar kowane ɗigo ba komai ba ne, shaidar an taɓa amfani da ita ce kawai. A Ryzen na AM4 allurai ne a jikinta. Karkata ta ka hango layukan ta gefe, allura ɗaya da ta kwanta za ta fito fili. In ka ga an rubuta Intel Confidential a kan murfin, samfurin gwaji ne na kamfani wanda ba a yi shi don sayarwa ba, kuma ba kowane allo ke karɓarsa ba.

Bayan an ɗora an kunna, buɗe CPU-Z. Sunan da ya fito ya zama daidai da na kan murfin, harafi da harafi. Duba ƙasa wajen Cores da Threads, wato ƙwaƙwalwa da layin aiki: i7-4790 za ta nuna 4 da 8, i5-4570 kuma 4 da 4. Duba ko kwamfutar tana ganin RAM ɗinka duka. In giga 8 ka saka ta nuna 4, wataƙila allurar soket ta lanƙwashe wajen ɗorawa ko furosesar tana da rauni. Sai ka shiga shafin Bench ka danna Stress CPU, ka buɗe manhajar HWMonitor mai nuna zafi a gefe, ka bar ta ta yi aiki kamar rabin sa'a. Ka sha shayi, ka yi hira, amma ido na kan zafi. In ta zauna ƙasa da digiri 85, madalla. In tana hawa wajen 100, mafi yawan na Intel a nan suke rage gudu don kare kansu, kuma yawanci laifin fanka ne ko man sanyayawa. In kwamfutar ta mutu ko ta nuna shuɗin allo, a cire a mayar da taka.

Sai ciniki. Tambayi nawa zai karɓi tsohuwarka, domin musaya da ciko ta fi sauƙi a wajen mai shago fiye da ragi. Nemi ya rubuta maka takarda mai sunan furosesar cikakke, da lambar da ke layin ƙasa na murfin, da kwanan wata, da kwanakin da ya yarda ka dawo da ita in ta ba da matsala. Ko mako guda ne ya ba ka, karɓi. Wasu suna jin nauyin neman takarda daga wanda suke sallah a masallaci ɗaya. Ni kuwa na ga takardar ita ce ke tsare zumuncin.

In za a aika Kano ko Yamai

Kano tana da nisan kilomita wajen 240 ta Matamaye da Daura, kuma kasuwar kayan kwamfuta ta can, musamman Titin Beirut, ta fi tamu faɗi. Yamai kuwa wajen kilomita 900 ce, amma kuɗi ɗaya muke kashewa, ba iyaka a tsakani, kuma motocin Rimbo da STM da sauransu suna ɗaukar saƙo. In Kano ce, tambayi ƴan canji farashin naira a ranar, kuma ka ba wa ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar, wanda ya san halin da iyaka take ciki a makon.

Abin da ya fi yawa yanzu shi ne masu talla a Facebook da WhatsApp: hoto mai kyau, farashi mai daɗi, "turo ta Nita ko Amana in sa maka a motar yamma." Akwai ƴan kasuwa na kirki a cikinsu, akwai kuma waɗanda lambarsu ke mutuwa da zarar kuɗi sun shiga. Kada ka yi cinikin biri a sama. Hanya mafi tsabta ita ce ɗan'uwa ko aboki da ke can ya taka har shagon, ya ga wurin, a ɗora furosesar a wata kwamfuta a gabansa, ya turo maka hoton CPU-Z, sannan ya biya hannu da hannu. In ba ka da kowa, nemi a kira ka ta bidiyo, a nuna maka murfin har ka karanta lambar, a nuna ta tana aiki, ka rubuta lambar don ka gwada da wadda za ta iso. Ku daidaita a kan rabi yanzu rabi in ta iso. Wanda ya ƙi duk waɗannan yana kuma gaggauta ka da cewa wani na jira da kuɗi a hannu, bar masa kayansa.

Ka kuma faɗi yadda za a naɗe ta: a cikin ƴar robarta mai tauri, ko a tsakanin soso biyu, sannan a cikin ƙaramin kwali. Ryzen mai allurai da aka jefa tsirara cikin ambulan ba za ta iso Damagaram lafiya ba.

In oda ce daga ƙasar waje

Oda tana da wurinta. Tana da amfani idan abin da kake nema ba ya gari sam, kamar sabuwar Ryzen ta AM5 ko furosesa mai T ta ƙaramin akwati, ko kuma idan kai mai gyara ne da zai sayi guda biyar ko goma a lokaci ɗaya, wanda ko ɗaya ta lalace ribar sauran za ta rufe.

Fara da duba ko mai sayarwar yana aikowa Nijar, don da yawa ba sa yi. Wajen cike adireshi ka kula sosai ka zaɓi Niger, ba Nigeria ba, su biyun suna maƙwabtaka a jerin ƙasashe. Sa lambar waya mai aiki da +227 a gabanta. Tun da ba a kai saƙo ƙofar gida a unguwanninmu, yi amfani da akwatin gidan waya, ko adireshin wani amintacce a Yamai. Wasu sun fi son bi ta hannun masu jigilar kaya daga Guangzhou ko Dubai, waɗanda ke ba ka adireshin ma'ajiyarsu a can su kawo a jirgi bisa kilo. Furosesa ba ta da nauyi, kuɗin jigilarta ba zai yi yawa ba. Sai dai ka sani, ranar da kayan suka isa ma'ajiyar, a wajen shafin sayarwar an riga an miƙa maka su, kuma kwanakin ƙorafi sun fara ƙirguwa kayan ba su ma taso ba. Wannan ne babban raunin hanyar. Mafi kyau duka shi ne ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa ko wata ƙasa ya saya da sunansa, ya riƙe takardar, ya sako ta a jaka.

Zaɓi mai sayarwar da ya daɗe, mai ciniki da yawa a kan ainihin wannan furosesar, ka karanta ra'ayoyin masu ƙorafi kafin na masu yabo. Karanta bayanin kayan har ƙasa, ka nemi haruffan ES ko QS, alamar samfurin gwaji. Ka san bambancin mai kwali da marar kwali: Intel da AMD suna ba mai kwali garantin shekara 3, marar kwali kuwa garantinta yana wuyan wanda ya sayar maka. Ko mai kwalin ma, cin amfanin garantin yana nufin aika ta waje, don haka kada ka dogara da shi kamar kana zaune a Turai. Biya a cikin shafin kawai. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai yi maka ragi, yana fitar da kai ne daga inda za ka iya kai ƙara.

Abu biyu zan ce a yi hattara da su. Na ɗaya, haɗin Xeon da allon X99 da ake tallatawa da araha. Xeon E5-2680 v4 tana da ƙwaƙwalwa 14, gaskiya ne, amma ta 2016 ce, tana cin wat 120, ba ta fitar da hoto sai da katin hoto, ba ta cikin jerin Windows 11, kuma allunan da ake haɗa ta da su ba su da kamfani tsayayye a bayansu. Ga mai aiki da hasken rana ko janareto, wannan wutar kaɗai ta isa a sake tunani. Na biyu, i7 da i9 na hannu na zubi na 13 da na 14. A 2024 Intel ta amince cewa wasunsu suna lalacewa saboda wutar da ta yi musu yawa, ta fitar da gyara ta BIOS, ta kuma ƙara musu garantin shekara 2. Gyaran yana hana lalacewa, amma wadda ta riga ta raunana ba ta warkewa, kuma ba a gane ta da ido.

Ranar da saƙon ya iso, kunna bidiyon waya tun kafin ka yage leda, a ga takardar adireshi, a ga buɗewar, a ga murfin da lambarsa, ba tare da yankewa ba. Gwada ta a ranar ko washegari. Kada ka danna cewa ka karɓa lafiya sai ta ci jarrabawar CPU-Z da ta zafi. A AliExpress kwana 15 ne bayan karɓa ake iya buɗe ƙorafi, a eBay kuma 30, kuma wannan bidiyon shi ne shaidarka.

Mataki na ƙarshe: ɗorawa

In ba ka taɓa yi ba, kai wa mai gyara ka tsaya ka kalla; ladansa bai kai kuɗin allo ba. In za ka yi da kanka, zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu don sauran wutar ta fita, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka. A lokacin hunturu, sa'ad da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, wannan ƴar wutar da ke jiki tana iya illata kayan ciki, don haka a riƙa taɓa ƙarfen akai-akai.

Kwance fankar a hankali, kusurwa da kusurwar da ke fuskantarta. A AM4 tsohon mai yakan daskare ya riƙe furosesar, in ka fizga sai ta biyo fankar allurai su lanƙwashe. Kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. Ɗaga sandar soket, cire tsohuwar. A Intel allurai suna cikin soket ɗin, sirara kamar gashi, kada yatsa ko tsumma ko bakin sukurdireba ya kusance su. Akwai ɗan alwatika a kusurwa ɗaya ta furosesar da irinsa a soket, da ƴan tsagogi a gefe. Daidaita su, ka sauke ta ta zauna da nauyinta. In ba ta zauna ba, an juya ta ne. Ɗaga ka sake, kada ka danna. Sandar ce kawai ke da ɗan tauri wajen rufewa.

Goge tsohon mai daga ƙasan fankar da alkol mai digiri 90 na famasi, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiyar murfin. Man goge baki da wasu ke sawa yana bushewa cikin kwanaki ya bar furosesar tana dahuwa. Kafin ka mayar da fankar, ɗaga ta sama ka duba tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashinta. A garin nan za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar bargo, iska ba ta ratsawa. Fitar da ita da buroshi da abin hura iska, kana riƙe da fiffiken don kada ya yi ta juyawa. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan sharar ita ce ke raba kwamfutar da ke aiki da wadda ke mutuwa da azahar. In daga i3 ka hau zuwa i7 mai wat 84, duba ko fankar da ke ciki za ta iya, in ba haka ba a nemo babba.

Mayar da wayar fankar a gurbin da aka rubuta CPU_FAN, rufe, kunna. Kunnawar farko takan ɗan jima, wani lokaci ta mutu ta sake tashi da kanta, kada ka firgita. In minti biyu sun wuce ba hoto, kashe, zare wuta, cire ƴar batirin allon mai kama da kwabo na minti ɗaya, mayar, ka sake zaunar da RAM, sannan ka kunna. In har yanzu shiru, mayar da tsohuwar furosesar ka ga ko allon na lafiya. Saboda wannan ne ba a sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi mako guda tana aiki.